Tambaya Ta Bakwai

Shekara goma sha tara ke nan Leo Sammut yana zama bayan tebur ɗaya a gidan talabijin, Litinin zuwa Alhamis, daga ƙarfe goma da rabi na dare, yana ba mutanen Melbourne dariya kafin su kashe fitila su kwanta. Da can duk wanda ke ji da kansa a ƙasar sai ya zo ya zauna a doguwar kujerar da ke gefensa. Yanzu kuwa matasa sun koma kallon wayoyinsu, manyan gidan ma sun fara gaishe shi da irin ladabin nan da ake yi wa wanda ake shirin sallama.

Ana cikin haka, saura kwana goma sha biyu zaɓen jiha, Noelene furodusar shirin ta faɗo ofishinsa ba ko ƙwanƙwasa ƙofa. Ta ce an bugo daga ofishin madugun adawa. Shi madugun, Rowan Trewin, zai zo shirin ranar Alhamis ta ƙarshe kafin zaɓe, kai tsaye, kuma tare da yayansa Fergus zai zo.

Babu gidan da ba a san sunayen nan biyu ba. 'Ya'yan wani masunci ne daga Portland. Fergus, babban, shi ne jarumin fim ɗin da tsofaffin mata ke kira ɗansu, 'yan mata kuma suka taso da hotonsa a bangon ɗaki. Rowan ƙaninsa lauya ne da ya shiga siyasa, ga shi yanzu taku ɗaya ya rage masa ya zama firimiya, wato shugaban gwamnatin jihar, sai dai takarar ta yi kankankan. Fergus yana cikin tallan kamfen ɗin, yana hawa dandali ya ɗaga hannu a yi ta ihu, amma an fi shekara rabon da wani ya ji ya yi hira da ɗan jarida. Har an fara ƙus-ƙus.

Leo ya san su tun ba su da komai. Shi da Fergus ɗaki ɗaya suka yi haya a saman shagon wani mai gyaran takalmi a unguwar Fitzroy, lokacin da suke wasan dandali suna kwana da yunwa. Rowan yana ɗalibi a ƙasa yake shimfiɗa ya kwanta, shi ke wanke musu kwanuka. Abin da Leo bai manta ba game da shi shi ne, in suna karta ba ya taɓa shiga, sai ya zauna ya zuba ido. In an tashi, sai ya faɗa wa kowa daidai inda ya yi kuskure.

Noelene ta ce sharaɗi ɗaya suka kafa, Leo ya je cin abincin rana gidan Fergus ranar Lahadi, shi kaɗai. Ta ce shugaban tashar ya riga ya ji labari, har ya aiko da kwalbar giya.

Gidan yana Point Lonsdale, a kan tudu, yana kallon mashigar teku inda ruwa ke murɗawa. Leo ya sha zuwa, amma bai san sabuwar ƙofar ƙarfen da ya tarar ba, bai kuma san ƙaton da ya karɓi sunansa ya duba a takarda ba. Iskar arewa mai zafi tana busawa, ƙudaje sun addabi kowa. A filin da ke bayan gidan ya sami Rowan ya naɗe hannun riga yana juya haƙarƙarin rago a kan wuta, sai ka ce ba shi ne ke da zaɓe nan da kwana shida ba.

Fergus ya taso ya rungume shi har ya ɗaga shi daga ƙasa. Ya ɗan rame, amma muryar nan tana nan, dariyar ma tana nan.

"Kai, ɗan Malta, har yanzu ba su kore ka ba? Wallahi mutanen nan suna da haƙuri."

"Jira suke ka mutu in yi maka shiri na musamman, tsoho, daga nan sai su kore ni."

Suka yi dariya, hankalin Leo ya kwanta. Fergus ya kawo labarin ranar da mai gidan hayarsu ta kulle su a waje, suka hau ta bututun ruwa, wandon Leo ya yage a gaban 'yan sanda. Ya ba da shi da daɗi kamar kullum. Aka zuba nama da dankali, aka buɗe giya mai sanyi. Ba a yi minti goma ba Fergus ya dafa kafaɗar Leo ya sake ɗauko labarin daga farko, kalma bayan kalma, har inda yake tsayawa ya ja numfashi. Rowan ya yi dariya daidai inda ya yi ɗazu. Wata mata da aka gabatar da sunan Dimity, wai mataimakiya, ta zare kwalbar daga hannun Fergus ta maye da kofin ruwa, bai ma lura ba.

Da Leo ya shiga ciki neman banɗaki, sai ya ga an manna takardu a jikin kowace ƙofa da kowace kabad, an rubuta da manyan baƙaƙe: kofuna, magani, banɗaki, ɗakinka. Ya daɗe tsaye a tsakar falon. Da ya fito ya ji Fergus yana kiran Rowan da sunan mahaifinsu, yana tambayarsa ko jirgin kamun kifin ya dawo.

Bayan cin abinci Rowan ya ja shi suka gangara ƙarshen lambu, inda ƙasa ta yanke ta faɗa teku. Bai yi wani kewaye-kewaye ba. Ya ce ciwon mantuwa ne, shekara biyu ke nan, kuma yana sauri. Ya ce jaridu sun fara shinshina, in labarin ya fashe a makon nan za a ce ya yi amfani da mara lafiya a kamfen. Abu ɗaya ne ciwon bai ci ba tukuna: in aka ba Fergus layi, wato maganar da ɗan wasa ke haddacewa, aka maimaita masa, yana riƙewa, domin aikin da ya yi shekara arba'in yana yi ke nan. Saboda haka tambaya shida za a yi, an rubuta su, an rubuta amsoshinsu, kuma za a sa masa 'yar na'ura a kunne, Dimity tana tuna masa in ya kakare.

Leo ya ce ba zai yi ba. Ya ce wannan ba hira ba ce, kuma mutumin can abokinsa ne, ba ɗan tsana ba.

Rowan bai ɓata rai ba. Ya kori ƙuda daga fuskarsa, ya ce ya fahimta.

"In ka ƙi, shirin safe zan kai shi, sun daɗe suna roƙona. Can babu wanda ya taɓa raba gwangwanin wake ɗaya da shi. In ya yi tuntuɓe za su bar kyamara a kan fuskarsa har ya gama faɗuwa. Kai kaɗai ne za ka tare shi, Leo. Shi ya sa na fara da kai."

Suka tsaya suna kallon wani jirgin kaya yana kutsawa ta mashigar a hankali.

Da Leo zai tafi, Fergus ya ce shi zai raka baƙonsa mota. Dimity ta tsaya amsa waya a bakin ƙofa. Suna isa jikin motar Fergus ya damƙi wuyan hannun Leo da ƙarfi, ya rage murya. Idanunsa sun washe tas, irin na da.

"Sun karɓe makullin motata da wayata. Lokacin sanyin da ya wuce na sa hannu a wata takarda, ban san ko ta mece ce ba. Ba sa barin 'yata Imogen ta zo. In mun hau, bayan tambayoyinsu, ka yi mini taka tambayar. A gaban mutane Rowan ba zai iya hana ni magana ba."

Kafin Leo ya buɗe baki Dimity ta iso. Fergus ya saki hannun, ya yi masa murmushin da ake yi wa baƙon da ba a sani ba, ya ce ya gode da zuwa.

A hanyar komawa Leo ya tsaya a gefen titi kusa da Geelong, ya daɗe bai tada motar ba. Mahaifiyarsa da irin wannan ciwon ta rasu, kuma a shekararta ta ƙarshe ta rantse cewa ƙanwarsa tana sace mata cokula. Ya san ciwon yana zuwa da zargi. Amma shatin yatsun Fergus yana nan a hannunsa.

Washegari ya nemo lambar Imogen, 'yar Fergus tilo, wadda ke koyarwa a Perth. Da ta ji muryarsa sai ta fashe da kuka. Ta ce tun watan Yuni rabon ta da mahaifinta. Sau biyu ta hau jirgi ta zo, sau biyu aka mayar da ita daga ƙofa, wai likita ya ce baƙi suna rikita shi. Baffanta Rowan yana da takardar da ta ba shi ikon yanke duk wata shawara a kan lafiyar Fergus da gidansa. In ta buga waya, Dimity ke ɗauka. Leo ya faɗa mata abin da Fergus ya roƙe shi. Ta ce ba ta san abin da ya fi ba, tana tsoron a tozarta mahaifinta a gaban duniya, tana kuma tsoron in aka yi shiru ba za ta sake ganinsa ba. Ta bar masa zaɓi.

Kwana uku Leo ya yi yana ba da dariya a shirinsa kamar ba komai. Tambayoyin shida suka iso a ambulan, masu sauƙi, masu daɗi: kamun kifi da babansu, wanne ne ya fi tsoron mahaifiyarsu, fim ɗin da Fergus ya fi jin kunyarsa. Bai gaya wa Noelene komai ba. Ranar Laraba shugaban tashar ya sauko da kansa ya dafa bayansa, ya ce ana maganar ƙara masa shekara biyu.

Daren Alhamis ɗakin shirin ya cika har da na tsaye. Leo ya leƙa ɗakin kwalliya kafin a fara. Fergus yana zaune an ɗaura masa ƙyalle a wuya ana shafa masa hoda, leɓɓansa suna motsi, yana bita. Bai ɗago ba. Rowan ne ya ɗago daga jaridar da yake karantawa, ya ce, "Ka yi abin da ka saba kawai, mutumina."

Da aka kira sunansu, 'yan kallo suka miƙe tsaye. 'Yan'uwan suka fito kafaɗa da kafaɗa, dogaye, furfura iri ɗaya. Leo ya jefa tambayar farko, Fergus ya cafe. Ya kwaikwayi muryar babansu yana zagin injin jirgi, ya tsokani ƙaninsa cewa tun yana ɗan shekara bakwai yake yi wa kaji jawabin kamfen. Mutane har da riƙe ciki. Ba mai ganin komai sai Leo da ke kusa. Shi kaɗai yake lura da ɗan jinkirin nan kafin kowace amsa, kamar ƙiftawar ido, da yadda Fergus ke karkata kai zuwa kunnen hagu, da yadda fuskar ke dariya idanun kuwa ba kowa a cikinsu.

Ta shida ta wuce lafiya. Noelene ta yi masa magana ta na'urar kunnensa cewa saura minti ɗaya da rabi, ya yi godiya ya rufe. Leo ya dubi katin da ke hannunsa, ya kife shi a kan tebur.

"Ferg, bari in yi maka ɗaya wadda ba ta cikin takarda. Ni da kai mun daɗe. Lafiya kake a gida? Akwai abin da kake so mutanen nan su ji daga bakinka?"

Ɗakin ya yi tsit. Noelene tana tambayarsa a kunne me yake yi. Fergus ya dube shi, ya dubi fitilu, ya dubi 'yan kallo, bakinsa a ɗan buɗe. Daƙiƙa biyar, shida, bakwai, abin da a talabijin ya fi shekara tsawo. Sai Rowan ya miƙa hannu ya ɗora a ƙeyar yayansa, a hankali.

Fergus ya gyara zama. Ya ce, da muryar nan da ƙasar duka ta sani, "Akwai ranakun da ba na tuna sunan titinmu. Amma ban taɓa manta wanda ke riƙe da hannuna ba. Ƙanina ne." Ya tsaya daidai inda ya kamata a tsaya, ya ja numfashi daidai inda ya kamata, ya juya ya kalli Rowan.

Leo ya yi shekaru yana kallon Fergus a dandali, ya san bambancin maganarsa da layinsa. Wannan layi ne. Kuma babu jinkirin nan, bai karkata kai ba. An yi bitarsa fiye da sauran shidan.

Rowan ya fuskanci kyamara, idanunsa sun kawo ruwa. Ya ce iyalinsu ba su so a yi wannan maganar a daren nan ba. Ya ce sun amince wa tsohon aboki, sun shigar da shi gida ranar Lahadi, sun faɗa masa halin da ake ciki, sun roƙe shi ya bar wa Fergus mutuncinsa. Amma tunda an matsa, to ga gaskiya: yayansa ba shi da lafiya, kuma shi ya nace sai ya tsaya kusa da ƙaninsa har ranar zaɓe. Ya ce dubban gidaje a jihar nan sun san wannan ciwon, kuma daren yau shi ɗaya ne daga cikinsu.

Wata mata a layin gaba tana kuka. Aka fara tafi, aka miƙe. Daga can baya wani ya ɗaga murya ya kira Leo mara kunya. Aka tafi talla.

Fitilu suna raguwa Dimity ta zo ta kama hannun Fergus, ya bi ta ba musu, yana tambayarta ko an gama ɗauka. Rowan ya tsaya yana cire makirufo daga rigarsa, ya miƙa wa ma'aikaci, ya yi masa godiya da sunansa. Ya gyaɗa wa Leo kai, irin yadda ake yi wa wanda ya cika aikin da aka sa shi.

Abin da ya hana Leo barci daga ranar shi ne maganar jikin mota. Ya juya ta ta kowace fuska. In da gaske Fergus ne ya farfaɗo ya nemi ceto, to an ji su, ko shi da kansa ya manta ya faɗa, aka shirya masa amsa. In kuwa ita ma bita aka yi masa, aka tura Dimity amsa waya don a ba su fili, to tun kafin ya bar Melbourne ranar Lahadi an san abin da zai yi daren Alhamis. Ya tuna yadda idanun suka washe. Sai kuma ya tuna cewa da wannan idon Fergus ya sa ƙasar duka kuka a finafinai goma sha.

Kafin gari ya waye an kalli guntun bidiyon sau miliyoyi. Jaridun Juma'a suka buga fuskar Leo da baki buɗe, kusa da hannun Rowan a ƙeyar yayansa. Ranar Asabar Rowan ya lashe zaɓe da ratar da ba wanda ya hango. Ranar Litinin aka ce wa Leo ya ɗan huta har ƙura ta lafa, aka sa wani yaro mai barkwanci ya riƙe teburin. Aka yi Kirsimeti, aka shiga sabuwar shekara, ba a kira shi ba. A kantin unguwa matar da ta shekara goma tana sayar masa da burodi ta daina kallon idonsa.

Imogen ce kaɗai ta buga masa. Ta ce ta san mahaifinta, ita ma ta gane layi ne. Ta ce an ɗauke shi daga gidan bakin teku an kai shi wani gidan jinya a cikin ƙauye, an ƙi faɗa mata sunan wurin. Za ta shigar da ƙara, tana so ya ba da shaida. Ya ce zai zo.

Kotu ta zauna a watan Afrilu. Leo ya faɗi abin da ya gani da abin da aka ce masa a jikin mota. Lauyan Rowan ya tambaye shi cikin ladabi yaushe ya san Fergus ba shi da lafiya, ya ce Lahadi. Ya tambaye shi ko duk da haka ya zaunar da shi gaban kyamara ranar Alhamis, ya ce e. Lauyan ya ce ba shi da sauran tambaya. Aka bar ikon kula da Fergus a hannun ƙaninsa, aka ba Imogen damar ziyara sau biyu a wata. Ta je a makon. Ta ce wurin yana da tsabta, ga lambu, kuma mahaifinta ya tashi ya ba ta kujera, ya tambaye ta daga wace jarida take.

A ranar shari'ar, da aka fito, 'yan jarida sun cika matakalar. Rowan, sabon firimiya, ya ratsa su ya nufo Leo kai tsaye, ya kama hannunsa da hannu biyu, kyamarori suna ta walƙiya. Ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, shi bai riƙe kowa a zuciya ba. Sannan ya matso kamar zai rungume shi, ya yi magana a kunnensa.

"Bai dace shekara goma sha tara su ƙare haka ba. Na yi magana da mutanenka, za su ba ka dare ɗaya na bankwana. Ni zan zama baƙonka, mu sasanta a gaban jama'a. Za ka karɓa, na sani."

Leo ya ga kyamarori ashirin sun auna fuskarsa, sai ya ji kansa yana murmushi, irin na aiki.

Bai hau tasi ba, da ƙafa ya taka har gida, yana ta faɗa wa kansa cewa ba zai yi ba. Yana sa makulli a ƙofa wayar aljihunsa ta fara ƙara. Noelene ce, wadda rabon da ta neme shi tun Nuwamba. Ya ajiye wayar a kan teburin kicin, ya zauna yana kallon ta har ta katse. Bai kai ga cire takalmi ba ta sake yin ƙara.